Gansakukar Kwamin Baba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba shi da suna a bakin ubansa. Mu Fulanin gida ne na wajen Gurbin Bore a ƙasar Zurmi, muna noma muna kiwo, Hausa ta fi Fulatanci zama a bakinmu, amma kunyar ɗan fari ba mu baro ta a daji ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira ni ba. In yana son buta, sai ya dubi katanga ya ce, "A ce ma wancan shi kawo buta," alhali ina tsaye a gabansa, da zai miƙa hannu da ya taɓa hancina. Inna kuwa ta fi shi, ita ko "wancan" ɗin ba ta iya faɗi. Saboda haka duk maganar da ke tsakanina da iyayena sai ta bi ta bakin Goggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Goggo ce gidan wayarmu, sai dai gidan waya ne mai rage saƙo a hanya, ya kuma ƙara nasa.

A shekarun da muke cikin jihar Sakkwato na sami aikin koyarwa a wata sakandare a Ƙaura Namoda, ina koyar da ilimin halittu. Ina son aikin nan so na hauka. Ɗakin gwajinmu ba wani abin a zo a gani ba ne, tebura huɗu da kwalabe da wani ƙadangare da ya shekara goma a cikin ruwan magani, amma akwai maikiroskof guda ɗaya, madubin nan mai nuna abin da ido ba ya gani. Yana da akwatinsa na katako, makullin kuwa a wuyana yake kwana kamar laya. Ba ya aiki da lantarki, wani ɗan madubi ne a ƙarƙashinsa ake karkatawa ya kamo hasken taga. Na duba fiffiken ƙuda da shi, na duba bawon albasa, na duba dattin farcen wani malamin lissafi har muka yi mako ba ma gaisawa.

Wata Asabar cikin bazara na hau babur na je gida. Ban ko cire hula ba Goggo ta tare ni a zaure, fuskarta cike da labari.

"Ubanka yac ce in hwaɗa maka, in anka yi hutun ga, ka kwaso kayanka. Boko ya isa hakanan. Bayanshi ya gaji, shanu na son mai tsayuwa."

Umarnin Baba ba abin da ake jayayya da shi ba ne, kuma gaskiya ce, bayansa ya gaji. Saura mako biyar a yi hutu. Na bi Goggo zuwa bakin rijiya, inda Baba ya gina kwamin siminti na shayar da shanu da rani. Na same shi a duƙe, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da guntun tsintsiya, yana kankare gansakuka. Ta cika kwamin, kore shar, zare-zare, mai santsi, in ta kwana biyu ta yi wari har maruƙa su ƙi sha. Duk mako sai ya kankare, duk mako sai ta dawo.

Baba ya miƙe da ƙyar, ya dubi wata baƙar saniya, ya ce mata, "Shekara nawa ana karatu, ko maganin wagga ƙazanta ba a sani ba."

Ai kuwa ya taɓo ni inda nake jira. Kaina ya yi wani irin fashewa da murna, domin a makon nan na gama koya wa 'yan aji uku yadda ruwa ke bin gishiri. Na juya ga Goggo na ce ta ba ni ƙwarya biyu da gishirin miya. Ta ce gishirinta ba na wasa ba ne. Na ce kimiyya ce. Ta ce ko kakar kimiyya ce. Da ƙyar ta kawo.

Na ɗebi gansakuka na raba biyu. Ɗaya na bar ta cikin ruwan rijiya, ɗaya na zazzage mata gishiri har Goggo ta yi salati. Sannan na gyara tsayuwa na fara darasi, ina duban Goggo, kunnen Baba nake nema. Na ce kowane zaren gansakuka ɗakuna ne a jere, kamar gaɓoɓin kara. A cikin kowane ɗaki akwai wata 'yar jaka cike da ruwa, kuma ruwan cikinta ya fi na kwami kauri. Shi ruwa ɗabi'arsa ce ya bi inda gishiri ya fi yawa, don haka na waje yake ta kutsawa ciki, jakar ta cika ta tokare bangon ɗakin, kamar salkar da aka cika har wuya. Wannan tokarewar ita ce ƙarfinta, da ita take miƙewa, da ita take girma. To in gishirin waje ya fi na ciki, sai ruwan ya juya ya fita, jakar ta motse, ta bar bango, shi ke nan an gama da ita.

"Kai dai akwai baki," in ji Goggo.

Kafin la'asar, gansakukar da ta sha gishiri ta yi laushi, ta yamutse, korenta ya dushe kamar tsohon rini. Ta ƙwarya ɗayar kuwa tana nan tana sheƙi. Baba ya zo wucewa, wai akuya yake nema, ya tsaya a kan ƙoren nan biyu ya daɗe. Ya sa yatsa ya taɓa wadda ta mutu. Ni ina bayan rumbu ina leƙe, ina cizon hannun rigata don kada dariyar daɗi ta kuɓuce mini.

Bayan sallar la'asar Goggo ta kawo hukunci. "Yac ce in kwami yay yi hwari tas kahin hutu, to boko na da amfani, ka zamna wurin aikinka. In bai yi ba, ka san sauran."

Na ba ta saƙo dalla-dalla, har sau uku. A rage ruwan kwami ya zama kaɗan. A daka kantun gishiri guda, a zuba gaba ɗaya, rana ɗaya. A hana shanu sha. A bar shi ya kwana ya yini, sannan a kwashe a ɗauraye. Goggo tana ta gyaɗa kai tana tsince wake. Da na tambaye ta me na ce, sai ta ce, "A sa gishiri." Na ce gaba ɗaya. Ta ce ta ji, ita ba kurma ba ce.

Hanyar Zurmi zuwa Ƙaura ranar nan ban san yadda na bi ta ba. Ina tuƙi ina waƙa, ina yi wa jakuna hon, na gai da wani mai rake da ban taɓa gani ba har ya tsaya yana tunanin inda ya san ni. Ranar Litinin duk ɗakin malamai sun ji labari. Na ba 'yan aji uku, na ba 'yan aji huɗu da ba su tambaya ba, na ba mai gadi. Har na fara tsara yadda zan zagaya rugage da babur ina raba wa makiyaya wannan hikima, ana nuna ni ana cewa ga malamin da ya kashe gansakuka. Labari ya iso mini cewa ranar Alhamis Baba da kansa ya tafi kasuwar Shinkafi, ya zaɓo kantun gishiri irin na shanu wajen masu saukowa da shi ta Jangeru, ya ɗauro shi a bayan keke. Baba ya hau keke ya yi wannan tafiya saboda maganata! Na yi kwana uku ina murmushi ni kaɗai kamar sabon ango.

Ayyukan jarrabawa suka riƙe ni, sai bayan mako uku na koma gida. Tun daga nesa na ga abin da ban gane ba. Bakin rijiyarmu ya cika da shanu, namu da waɗanda ba namu ba, har da wasu jajaye da aka ce daga wajen Dauran suke kauce hanya su zo. Suna ture juna, suna tura baki cikin kwami, masu su na dukansu suna ƙin tafiya. Na kutsa tsakaninsu na leƙa.

Gansakuka ta yi kyau. Wallahi ban taɓa ganin ta yi kyau irin na ranar nan ba. Ta yi tsawo, ta yi kauri, tana rausaya cikin ruwa hankali kwance. Na ɗanɗana ruwan, na ji gishiri-gishiri kamar romon da aka tsinka.

"Goggo, yaya aka zuba gishirin nan?"

"Yadda aka zuba gishiri mana. Kullum da sahe ubanka shi ɗebi cikin tahi guda shi barbaɗa."

"Na ce gaba ɗaya!"

"Na hwaɗa mishi. Yac ce wanga yaro bai san gishiri ba. Wa ka ba dabba kantu guda rana ɗaya? Kashe ta za ka yi?"

"Ai kashe ta nake so a yi, Goggo!"

"To shi bai iya ba," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Nan na gane inda aka haihu. Mutumin da ya shekara hamsin yana ba shanu gishiri da kanwa, hannunsa ba ya yarda ya zuba da yawa. Kaɗan-kaɗan ake bayarwa, ciki ya saba. Haka ya yi wa gansakuka, ya yi kiwonta da ladabi kamar karsana. Kuma hana shanu ruwa yini guda cikin bazara, wannan ko a mafarki Baba ba zai yi ba. Ban ga laifinsa ba, amma ban ga kuma yadda zan aika masa da cewa shi ya ɓata aikin ba. Baba ya fito, ya dubi kwami, ya dubi sama, ya ce wa wani gajimare, "A ce ma wancan saura kwana goma sha huɗu."

Na cika kwalba biyu, ɗaya da gansakukar kwami, ɗaya da ta wani tafki da bai taɓa ganin gishiri ba, na koma Ƙaura. A ɗakin malamai na ce aiki na tafiya. Malamin lissafi ya ce ya ji shanun Zurmi sun yi ƙiba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, littafinmu bai ce haka ba. Littafi ya ce gishiri na jawo ruwa waje, ya yi shiru. Ko kaɗan-kaɗan ne, ai ya kamata ta rame. Wata Laraba bayan an tashi, na buɗe akwati, na sa zaren gansakukar tafki a kan gilashi, na ɗiga mata ruwan gishiri mai sauƙi, irin na kwamin Baba. Na ga jakunkunan sun ɗan janye daga bango, kamar yadda na sani. Sai aka kira salla. Na je na yi, na tsaya cin ƙosai, na yi hira, na manta da ita. Da na dawo na sa ido, sai na ga jakunkunan sun koma sun cika, sun tokare bango kamar ba a taɓa yi musu komai ba.

Na ɗaga kai, na goge ido, na sake dubawa. Na sake gwadawa da sabon zare, na zauna a kansa ina gadi. A hankali, a hankali, ta dawo. Na yi wani ihu da ya sa mai gadi ya shigo da sanda. Na kama shi na yi rawa da shi zagaye da tebur, dattijo da shi, yana ta cewa, "Malam, lahiya? Malam, sake ni!" Aikina na shirin tafiya, ni kuwa ina tsalle, domin na ga abu da idona wanda ba wanda ya gaya mini. Daga baya na samu a wani babban littafi cewa in gishirin waje bai fi ƙarfinta ba, sai ta riƙa jawo shi ciki da kanta, ta kuma haɗa wasu sinadarai nata masu kama da sukari, har ruwan cikinta ya sake fin na waje kauri, ruwa ya juyo ya dawo. Lokaci kawai take bukata, Baba kuwa ya ba ta lokaci har da ƙari. Watakila ma irin da ba ta jure gishiri ta mutu, mai jurewa ta gaje kwamin. Amma ranar nan ban san ko ɗaya ba, rawa kawai na sani.

Ranar da aka yi hutu, da hantsi, Baba ya iso makaranta da Goggo, sun biyo motar da za ta kwashe kayana. Bai taɓa taka makarantar ba. Aka nuna musu ɗakin gwaji, suka same ni da kwalabe a gaba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa ƙadangaren cikin kwalba.

Na ce, "Goggo, kafin mu tafi, zo ki ga abin da ya kore ni daga aiki."

Ta sa ido ta yi baya da sauri tana tofi. "A'uzubillahi! Macizai na, koraye, da ɗaki-ɗaki cikinsu! Wanga abu muka ba shanu?" Ta sake leƙawa. Ta kuma leƙawa. Sannan ta juya ga ƙanenta. "Kai, taho ka gani. Ba ka mutuwa."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya duba rufi, ya duba taga. Can ya matso, ya cire hula, ya duƙa a hankali saboda bayan, ya runtse ido ɗaya kamar mai auna bindiga. Na gyara masa haske. Ya daɗe yana kallo.

"A tambayi wancan, ina gishirin?"

Na ɗiga ruwan gishiri mai ƙarfi a gefen gilashi, na jawo shi da takarda ta ɗaya gefen. Baba ya ja numfashi. "Ta motse," ya ce wa madubin. Na canza gilashi, na sa sabon zare, na ɗiga mai sauƙi, na gaya wa Goggo ta gaya masa sai an jira. Direba ya leƙo ya ce rana na yi. Baba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Na jawo masa kujera. Muka yi azahar a barandar aji, ya riga kowa sallamewa ya koma. Ina shigowa na ji yana dariya, wata irin dariya ta cikin ciki da ban san yana da ita ba.

"Ta cika! Yaya, kin gani? Gishirin taka sha! Ta ga ya yi yawa waje, ta ɗebo ta zuba cikinta, ruwa ya biyo shi." Ya buga cinya. "Ai wagga dabarar dillalai ta. Ka ba saniya gishiri da sahe, ta sha ruwa ta yi tim, mai saye shi ce ƙiba ta. Ashe ɓarauniya nika kiwo cikin kwami!"

Abin da na kwana uku ina haɗawa, ya faɗe shi cikin numfashi ɗaya. Goggo tana dariya har da riƙe tebur. Baba bai gama ba. Ya ce, to tunda ta cika cikinta da gishiri, a ɗauko ta kwami, wadda ta yi mako biyar tana sha, a kwara mata ruwan daɗi farat ɗaya, a ga ƙarshen wayo. Ban taɓa tunanin wannan ba. Na shirya gilashin da zaren ta kwami, ya sa ido, na ɗiga ruwan sama da muke tarawa a tulu, na ja.

"Tana kumbura," ya ce. "Tana kumbura... bango ya tanƙware..."

Sai kawai ya damƙi hannun rigata, ya kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, kamar kullum yake kiransa. "Duba, duba, guda ta hwashe! Maza kahin ta ƙare!"

Na duƙa na sa ido. Ɗaki ɗaya a bakin zaren ya tsage, koren cikinsa na tsiyaya. Sauran sun yi tam, sun riƙe, kuma in an jima za su saki gishirin da suka tara su koma daidai. Amma ban ga wannan sosai ba, domin idona ya cika da ruwa, komai ya zama kore guda. Goggo ta rufe baki da gefen mayafi. Ina jin hannun Baba a kan rigata, sannan na ji ya saki a hankali.

Ya ɗauki hularsa ya sa. Ya yi gyaran murya, ya je bakin taga ya tsaya yana duban filin ƙwallo.

"A ce ma wancan," ya ce, "wagga aba ta hi ƙarhinmu mu duka. Tsintsiya ta maganinta. Shi zamna wurin madubinshi. Amma ran Asabar shi taho shi kankare, bayana ya gaji."

Mota ta koma da su biyu, ba kaya. Na bi ta da gudu har bakin ƙofar makaranta ina ɗaga hannu, Goggo na ɗaga mini, Baba na duban gaba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuwa Gurbin Bore duk Asabar ina kankare kwami. Duk zuwa sai na tarar da kwalba a bakin rijiya, an toshe ta da totuwa, ruwan wani tafki ko wata fadama da ya bi da shanu, Goggo ta ce an ce a duba a kawo labari. Ko da yanar ido ta rufe masa gani bai daina aiko su ba.

Sunana kuwa bai ƙara kira ba har ya koma ga Allah. Sau ɗaya ne, kuma na daina aikin koyarwa da daɗewa, amma har yau in na ga gansakuka a bakin rijiya sai na tsaya na saurara.